Ranar intabiyu ba a ɓoyon cibiya

Anti, assalamu alaikum. Shekarata 28. Na yi digiri a fannin ƙididdiga, na gama a 2021, na yi bautar ƙasa a wani ƙaramin asibiti a jihar Neja, na karɓi takardar sallama a 2023. Daga lokacin zuwa yau na tura takardar neman aiki ta fi ɗari. Sau uku kacal aka kira ni intabiyu, duka ukun ban wuce ba. Da na zauna a gabansu sai harshena ya yi nauyi, Turancin ya gudu, in aka ce in faɗi abin da na iya sai in ji kamar cika baki nake. Yanzu wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aikin lafiya ta kira ni nan da kwana goma, gurbin mai tattara bayanai. Kusan shekara biyu ke nan ina shagon kawuna a Dawanau, ni ke riƙe masa littafi, amma ban taɓa sa wannan a CV ba, don a ganina ba aiki ba ne. Ga kuma wani da ya ce zai samo mini ofa a wata ma'aikatar tarayya in an ba shi naira miliyan biyu, Baba har ya fara zancen sayar da gona. Sannan shekarar haihuwata a NIN ta saɓa da ta takardar WAEC. Anti, kaina ya kulle.

Ƙaninki daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanina. Allah ya sa a dace.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma duka biyun wuri ɗaya na tsaya: inda ka ce riƙe littafin kawunka ba aiki ba ne. To mene ne, wasa? Dawanau fa ka ce, kasuwar da manyan motoci ke kwana suna jiran lodin riɗi da zoɓo da wake, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. A irin wannan wuri mutum ya damƙa maka littafinsa. Kai ka san buhu nawa ya shigo, nawa ya fita, wane dillali aka ba la'adarsa, wa ya ɗauki kaya bashi ya ce sai ya dawo, nawa aka sallami 'yan dako. Shekara biyu kana wannan, sannan ka tafi neman aikin tattara bayanai da takardar da ke nuna tun 2023 zaman kashe wando kake yi. Da hannunka ka cire naman miyar, ka kai musu romo.

Na daɗe ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata a inda na yi aiki, don haka bari in gaya maka abin da ke gaban mutanen nan da kake jin tsoro. Kowannensu takarda ce a gabansa mai layi-layi: ga tambaya, ga gurbin maki, galibi daga 1 zuwa 5. Tambayar da aka yi maka ita aka yi wa na gabanka, ita za a yi wa na bayanka. In ka fita a haɗa maki. Abin da ya fito daga bakinka kaɗai ake ba maki. Natsuwarka da tarbiyyarka da ilimin da ke cikin kanka ba su da gurbi a takardar in ba ka furta su ba. Sau da yawa nakan ga yaro na san a raina ya fi sauran, amma alƙalamina ba shi da abin rubutawa.

Akwai wani da ba na mantawa. Shi ma a asibiti ya yi bautar ƙasa kamar kai. Muka tambaye shi abin da ya yi a can. Ya ce, "Mun yi rigakafi, mun haɗa rahoto, mun gyara rajista." Na kusa da ni ya ce masa, kai da wa? Sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Sai da aka yi ta jan sa kamar guga a rijiya mai zurfi, sannan ta fito cewa shi kaɗai ya zauna ya bi rajistar awon ciki ta wata shida, ya gano matan da aka rubuta sau biyu, ya gyara alƙaluman kafin a kai ƙaramar hukuma. Da bai gamu da mai haƙurin ja ba, da maki biyu zai tashi. Kuma yawancin kwamitoci ba su da wannan haƙurin: mutum goma na zaune a baranda suna jira, ga azahar ta ƙarato, ga yunwa.

Na san daga inda "mun" ɗin nan ta fito. An raine mu a kan yabon kai jahilci, kuma gaskiya ne. Amma ka bambance abu biyu. Ka ce "ni gwani ne, babu kamata", wannan yabon kai ne. Ka ce "an ba ni kaza, na yi kaza, ga abin da ya fito", wannan shaida ce, kuma shaida aka kira ka ka bayar. Ka duba aya ta 55 a Suratu Yusuf. Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, domin shi mai tsarewa ne, masani. Bai jira wani ya faɗa a madadinsa ba. Ka kuma lura da abin da za a tsare a taskokin nan: hatsin shekara bakwai. Ɗan Dawanau bai kamata a tuna masa wannan ba.

To ga kwana gomanka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan ka buga sanarwar aikin a takarda, ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da suka ce suna nema. Tambayoyinsu daga nan za su fito, don shi ma kwamitin daga wannan takarda yake tsara su. Kowane layi ka tambayi kanka: yaushe na taɓa yin abu mai kama da wannan? Ba labari ashirin kake buƙata ba. Uku masu kyau sun isa, in ka san su ciki da bai, domin labari ɗaya yakan amsa tambaya huɗu. Ɗaya daga asibiti, ɗaya daga shago, ɗaya kuma na ranar da ka yi kuskure ka gyara. Kowane labari ka faɗi halin da aka shiga, abin da kai ka yi, da yadda aka ƙare. Minti biyu ya isa.

Misali, a ce wata rana littafi ya nuna buhu ɗari na riɗi, aka ƙirga a sito aka ga casa'in da bakwai. Me ka yi? Ka koma kan rasit ɗaya bayan ɗaya, ka kira direba, ka gano an rubuta lodi ɗaya sau biyu, daga ranar ka fara sa lamba a kan kowane rasit. Ni na ƙirƙiro wannan, kai ka san naka na gaskiya, kuma na tabbata akwai shi, don babu mai riƙe littafin hatsi shekara biyu bai taɓa kwana da lissafin da ya ƙi daidaita ba. Wannan labari shi ne ainihin aikin da suke nema: mutumin da in alƙaluma suka ƙi haɗuwa ba zai cike gurbin da ƙarya ba, zai bi sawu.

Shekararka ta asibiti ma ka tono ta. In ka taɓa cike rajistar rigakafi ko ta awo, ko fom ɗin rahoton wata da ake kai wa jami'in bayanai na ƙaramar hukuma, ka faɗa da sunansa. Waɗannan alƙaluma a manhajar DHIS2 suke ƙarewa, wadda a kanta ake tattara bayanan lafiya na ƙasa, kuma duk ƙungiyar da ke aikin lafiya ta san ta. In ka shiga zagayen rigakafin shan inna, ko rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 a damina, kada ka bar shi a ciki.

Ka sa ran za a ba ka kwamfuta a ce gwada mu gani. A irin wannan gurbi yawanci Excel ne: a ba ka jeri mai datti, a ce ka cire sunayen da suka maimaitu, ka tace, ka fitar da jimillar kowace mazaɓa, wataƙila ka zana jadawali. Ka ari kwamfuta ko ka je shagon intanet, ka zuba littafin kawunka na wata uku a ciki ka yi ta juya shi. Sannan ka buɗe asusu a KoboToolbox, manhajar tattara bayanai ta waya, kyauta ne, ka haɗa fom mai tambaya goma, ka cike shi a wayarka, ka sauke sakamakon. Yini biyu zai ɗauke ka. Ranar da aka ce ka san Kobo, amsarka ba "na ji labarinsa" ba ce, sai "na haɗa fom a kai, ga shi a wayata."

Batun Turanci. Ba mai karanta labarai suke nema ba. Abin da ke kayar da ku shi ne kuna ɗauko doguwar jimla irin ta littafi, a tsakiya ta tsinke, sai kunya ta rufe ku. Yi gajeru. Jimla ɗaya, magana ɗaya, ka numfasa. In ba ka gane tambaya ba ka roƙa a maimaita, ba a rage maki a kan haka. In kana son ɗan tunani, ka ce a ba ka daƙiƙa kaɗan. Shirun da kake ji kamar shekara, a wurinsu ƙiftawar ido ne. Maganin nauyin harshe kuwa ɗaya ne, a furta. Karantawa a zuci ba ta sassauta harshe. Kowane dare bayan isha ka kunna rikodin na waya, ka ba da labaran nan uku da ƙarfi, ka saurara. Daren farko za ka ji kamar ka nutse. Zuwa na biyar za ka ji bambanci. Kwana biyu kafin ranar, ka samu wani wanda kake jin nauyinsa, ba abokin hirarka ba, ya zauna a kujera ya yi maka tambayoyi fuska a ɗaure.

Kuma kada ka raina Hausarka. Aikin tattara bayanai a ƙauye ake yin sa, a zaure da tsakar gida. Tambayar da aka rubuta da Turanci a ofis, wani ne zai mayar da ita yadda uwar 'ya'ya biyar za ta gane ta amsa ba tare da ta ji an ci mata fuska ba. Ka rubuta Hausa a CV a matsayin ƙwarewa, in kana jin Fulatanci ko Nufanci daga zamanka na Neja ka ƙara.

Sai ido. An koya mana sunkuyar da kai gaban manya, kuma a gida ladabi ne. A ɗakin intabiyu, wanda bai tashi a cikinmu ba yakan karanta shi a matsayin rashin tabbas ko ɓoye wani abu. Ba na ce ka zuba wa mutum ido kamar mai bin bashi ba. Ka dubi wanda ya yi tambayar lokacin da ka fara amsa, ka ɗan waiwayi sauran, ka dawo. In akwai mace a kwamitin kuma ba ka musabaha da mata, ka riga ta: hannu a ƙirji, gaisuwa da fara'a, kafin ta miƙo hannu a shiga jin kunya. Kaftani mai tsabta da guga da hula ya wadatar. Kada ka aro kwat ɗin da zai shaƙe ka.

Ƙungiyoyin nan suna da wasu tambayoyi da ba sa tsallakewa. Za su iya cewa: ka ga abokin aikinka a gindin bishiya yana cike fom ba tare da ya shiga gida ko ɗaya ba, me za ka yi? Ko: mai unguwa ya ce ka nuna masa amsoshin wata mata, za ka nuna? Ko batun ma'aikacin da ke amfani da matsayinsa ya nemi 'yan matan da aka zo taimaka wa. Nan ba wurin kara ba ne. Suna son su ji cewa bayanan mutane amana ne, kuma za ka kai rahoto ta hanyar da aka tanada ko da abokinka ne. In aka zo kan albashi, kada ka ce "duk abin da kuka bayar". Ka san ƙasan kasuwa: mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, ɗan bautar ƙasa kuma 77,000 yake karɓa. Ka lissafa kuɗin motarka da abincinka, ka tambayi wanda ke irin aikin, ka faɗi tsakanin kaza da kaza. In suka ce kana da tambaya, ka kasance da ita: kwantiragin na wata nawa ne, a waɗanne ƙananan hukumomi za a yi aikin, akwai inshorar lafiya da fansho? Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi ya zuba 10, don haka ba roƙo kake ba.

Shekarar haihuwa. Ban tambaye ka yadda aka yi suka saɓa ba. Na san yajin aikin malaman jami'a na 2020 kaɗai ya cinye wa 'yan ajinku kusan wata tara, sanarwar aiki kuma ta zo ta ce kada a wuce shekara kaza, sai mutane su shiga gyare-gyare. Wani kuma kuskuren mai buga bayanai ne kawai. Ko ma wanne ne, ka tsaya a kan ta gaskiya guda ɗaya. Ka nemi takardar shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ka yi rantsuwa a kotu, ka shigar da buƙatar gyara a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, in can kuskuren yake. Ana biyan kuɗi, kuma da wuya ya kammala cikin kwana goma. Don haka ka tafi da takardar rantsuwar da shaidar cewa ka fara gyara, kuma in an zo duba takardu kai ka fara faɗa. Abin da ka faɗa da bakinka kuskure ne. Abin da suka gano da kansu sunansa daban.

Takarda ɗari, kira uku: wannan ba bakin jini ba ne, CV ɗaya kake aika wa kowa. Na tabbata ta fara da addini da jiha da ƙaramar hukuma da "ba ni da aure", aikin da ka yi kuma yana can ƙasa cikin layi biyu. Juya ta. Aikin gwamnati ne ke neman jiha da takardar ƙaramar hukuma saboda rabon gurabe. Kamfani da ƙungiya abin da ka iya suke fara dubawa, kuma mai tacewa ba ya ba kowace takarda minti guda cikakke. Shafi biyu, aiki a sama, Dawanau a farko da alƙalumanka na gaskiya. Ka mayar da ita PDF mai ɗauke da sunanka, ka aika ta imel mai sunanka, ba laƙabin da abokai suka sa maka a sakandare ba. Wasiƙar da ke raka ta kuma ka cire mata salon roƙo da ƙasƙantar da kai; ka ce ga gurbin da nake nema, ga abu biyu da na yi masu kama da shi. Waɗanda ka sa a matsayin masu tsaya maka, ka kira su ka sanar da su. Na taɓa buga wa wani malami waya a kan ɗalibinsa, ya ce wane ne haka? Takardun neman aiki goma da aka ɗinka wa kowane gurbi sun fi ɗari da aka watsa.

Na bar maganar ofa a ƙarshe don ba ta buƙatar dogon bayani. Kada a sayar da gonar nan. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a kan cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya, aka ji mutane suna ba da shaidar miliyoyin da suka biya, suna neman a bi musu hakkinsu. Waɗannan su ne suka samu bakin magana. In takardar ta bogi ce, kuɗi sun tafi, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara ba tare da ka tona kanka ba. In ma ta gaske ce, ka shiga aikin da kowace tantancewa za ta hana ka barci, ga hadisin tsinuwa a kan mai ba da rashawa da mai karɓa, wanda ka sani na sani. Ba zan yi maka ƙarya in ce sanayya ba ta aiki a ƙasar nan ba. Tana yi. Amma wani ya ce "na san yaron nan, ku duba takardarsa" daban, a ajiye kuɗi a karɓi takarda daban.

Baba kuwa ƙauna ce ta sa shi, da ganin ɗansa mai digiri yana dawowa gida da ƙurar riɗi a riga. Kada ka yi musu da shi. Ka samu kawunka ka zayyana masa komai, shi ya je ya same shi; maganar da ɗa zai faɗa a ji ta rashin kunya, ɗan'uwa zai faɗe ta a kan tabarma a wuce wurin. Tunda kuma za ka zauna da kawun, ka roƙe shi abu biyu. Ya ba ka takarda mai hatimin shago da ke faɗin tun yaushe kake riƙe masa littafi. Sannan ya tambaya maka cikin kamfanonin da ke sayen riɗi da zoɓo a hannunsa suna fitarwa waje, ko akwai mai neman wanda zai riƙe masa lissafin sito. Su sun riga sun ga rubutunka a kan rasit.

Ranar kuma ka karya kumallo, ka isa da rabin awa a hannu, asalin takardu a jaka ɗaya, fotokwafi da hoton fasfo a wata. In ta Zoom ce, ka gwada sabis a ɗakin tun jajibiri, ka cika caji, ka gaya wa yaran gida. Da ka fito, kafin ka hau mota, ka rubuta duk tambayar da aka yi maka a bayan takardar sanarwar nan da ka ja wa layi, ka aiko mini in gani.